Tsohon da Ya Fasa Sayar da Dawa

Lantana na jiran mota a Kwanar Dangora, amma idonta ya kasa barin wani tsoho da ke zaune kan buhun dawa. Dogo ne, ramamme, hularsa ta koɗe. Ya manna ƙaramar rediyo a kunne da hannu biyu, ana ba da labarin masana'antun da ke rufewa a Turai.

Dillali ya iso da masu dako. "Baba, a ɗauka?"

"Na fasa, ɗan nan," in ji tsohon. "Haka aka fara a zamanin mahaifina. Ingila ta shiga matsi, aka sallami ma'aikata, Turawa suka karya farashin gyaɗa. Shi kuwa duk gyaɗa ya noma, 'yar dawarsa ya riga ya sayar. Yayyena biyu aka binne kafin kaka."

Dillalin ya kwashe da dariya. "Haba Baba, abin da ya kusa shekara ɗari!"

Tsohon ya duƙa yana sake ɗaure bakin buhun, ƙulli bisa ƙulli.

Lantana na kyautata zaton ko Legas bai taɓa zuwa ba, balle Ingila. Wataƙila dai ya tashi ne a hannun uwar da ba ta iya kallon gyaɗa.

Mota ta tsaya, Lantana ta shiga. Jiya ta sayar da masararta kakaf, har ta share rumbunta.