Gangaren Bayan Gida

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina tura motar Malam, kuma ba wanda ya sani a Tambuwal.

Malam mijina ne. Aikin duba dabbobi ya yi a Kebbe har ya aje. Motar kuwa tsohuwar a-kori-kura ce, fara, da ya saya hannun wani ɗan kasuwar hatsi bayan ta gama wahalar duniya. Kowace Asabar sai ya shimfiɗa tabarma gindin itacen bedi, ya kwance wani abu a cikinta, ko da lafiyarsa lau. A kwanon shana ya fara wanke kafiretar injin. Sati guda muna shan fura da warin fetur, shi kuma yana cewa gero ne bai yi kyau ba a shekarar.

Babu abin da bai sake mata ba. Ya sa mata ham na babbar mota, wanda in ya danna awakin unguwa sai sun tsinke igiya. Ya kai kujerar wurin baduku aka rufe ta da jar fata. Ya ɗaura mata ƙaramar fanka, ya ƙara madubai har suka zama fuɗu. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, shi ne kik, ƙarfen nan da ke tada inji in an murɗa makulli. Tun zuwanta a mace yake.

To, bayan gidanmu akwai gangare, daga rumbu zuwa bakin danni. Nan yake aje ta, hancinta na kallon ƙasa. Da hantsi sai in ji ya yi gyaran murya a ƙofar ɗaki.

"Uwargida, ko kina kusa?"

"Ina zan tafi, Malam? Injin motarka na nan yana wanke-wanke."

Sai in ɗaure zane, in dafa bayanta. Akwai wata saiwa da ta gitta hanya. Da tayar baya ta hau ta nake cewa "Saki," shi kuma ya saki kuloci. Ta yi tari, ta kama. Ya zagaya ya fito ta ƙofar gida yana ɗaga wa mutane hannu, ana cewa motar Malam ba ta san tsufa ba.

A waje kuwa ya san duk wani tudu tsakanin Jabo da Kebbe. Inda babu tudu ba ya kashe ta. Wata gwaggonsa a Fakku, da gidanta ke kan shimfiɗaɗɗen fili, ta rasu tana ƙorafin bai taɓa zama ya ci tuwonta ba, kullum a tsaye yake gaisuwa mota na ruri.

Na sha ce masa, "Ka sayi madubi fuɗu, ka kasa sayen kik ɗaya?"

Ya kan ce, "Ba a samun na kirki yanzu."

Malam ya rasu bayan an gama girbi. Kwana uku ya yi yana jinya.

Wata fuɗu da kwana goma na takaba ban leƙa bayan gida ba. Da na fita, dangi suka yanke cewa in motar ta tashi, autansu Malam ya riƙe ta yana ɗaukar hatsi. In ba ta tashi ba, a kira 'yan gwangwan. Na taɓa ganin yadda suke yanka mota da wuta, su loda ta gunduwa-gunduwa. Ranar ban ci abincin rana ba.

Auta ya zo da safe a kan babur, da batir da galan na fetur. Tun ina amarya muke wasa da shi, har yau da furfura ta cika masa gemu. Ya zauna, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru.

"Matar Yaya, wagga mota ta bi mai ita."

Dole na faɗa masa. Ya kalle ni, ya kalli gangaren, ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye. Ban tabbata duka na dariya ne ba.

"Ashe ke ce kik ɗin! Mu kuwa muna ta yaba wa Yaya."

"Ka yi shiru ka sa giya ta biyu. Kar ka saki sai na ce."

Na dafa. Ƙarfina ba kamar da ba ne, kuma Auta ɗan babur ne, bai da haƙuri. Tun kafin saiwa ya saki. Motar ta yi tsalle sau biyu, ta gangara ta tsaya a bakin danni. Da can in haka ta faru, shanun huɗa Malam ke ɗaura mata su maido ta sama. Shanun kuwa an raba su a gado.

Auta ya ture kujera yana neman igiya, sai ya jawo wani ƙunshi. Zanen da aka yi ƙunshin da shi na fara ganewa. Atamfata ce mai ruwan ganye, da ta ɓace a kan igiyar shanya shekarar da muka aurar da 'yarmu ta ƙarshe, shekara takwas ke nan. Har akuyar maƙwabta na zarga.

Ya warware. Ƙarfe ne sabo fil, an shafe shi da man giris.

"Mi ne ne?" na tambaya, ko da yake na sani.

Bai amsa da wasa ba. "Kik ne. Na kirki." Ya juya shi a hannu. "In sa?"

Na daɗe ina kallon zanen. Sannan na ce ya sa.

Sai da aka kira azahar ya fito daga ƙarƙashinta, rigarsa duk baƙin mai. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ta tashi a bugu ɗaya, kamar ba ta taɓa bukatar kowa ba.

Ban san lokacin da na koma bayanta ba. Hannuna biyu na kan ƙarfen, a daidai inda fenti ya goge. Na ɗaga kai, sai na ga idon Auta a cikin madubi na fuɗu, ƙaramin nan da na daɗe ina cewa bai nuna hanya. Inda nake tsaye yake nunawa.

"Matar Yaya," ya ce a hankali, "ɗauke hannunki, zan yi baya."

Na ɗauke. Na naɗe zanena, na shiga gida in ɗora masa abinci.