Sunan da na goge a foraj

Yayana ya ɓace a hanyar Alakoss shekara biyu kafin in dawo Gure da zama. Ya fita da raƙuma bakwai, shida suka dawo gida da kansu, shi da na bakwai ba a ƙara ganinsu ba. An bi sawu har inda iska ta share shi. Babanmu ya hana a yi sadaka, ya ce ba a yi wa mutum addu'ar mamaci alhali ba wanda ya ga gawarsa. Haka gidanmu ya zauna, ba makoki ba walwala, kuma ba mai ambaton sunan da ƙarfi.

Ni kuwa na dawo daga Yamai da takardar anformatik, wato karatun kwamfuta, da girman kai daidai gwargwado. Wata ƙungiya ta ba ni aikin wani ɗan akwati a foraj ɗin bayan gari, rijiyar famfo inda makiyaya ke shayar da dabbobi. Kowane mai garke da katinsa, ya nuna wa akwatin, akwatin ya faɗi wa ke bin wa, don a rage faɗan layi. Katunan sun daɗe, akwatin ne sabo, saboda haka sunan yayana yana cikin waɗanda na zuba.

Ni na rubuta abin da ke riƙe sunayen, can cikin zuciyar na'urar, wurin da a lakkol, makarantarmu, muke kira nuwayo. Sunayen a jere suke kamar ayari, kowane ɗaure da na gabansa. Akwatin yana da ƙwaƙwalwa biyu. Ɗaya tana ƙara suna ko ta cire, ɗayar tana bin jerin daga farko zuwa ƙarshe ba hutawa, in ta tarar da sabon shiga ta fito da shi a ekran, gilashin fuskar akwatin. Masu hankali kwaɗo suke sawa, mai rubutu ya kulle, mai karatu ya jira a buɗe. Ni na ga wannan aikin matsorata ne. Na yi nawa ba kwaɗo, na gwada shi wata guda a ordinatar ɗina, kwamfutar da nake aiki da ita, ko tari bai yi ba.

Da rani ya yi nisa, kawunmu da liman suka yi ta zama da Baba har ya sauko. Aka sa sadaka ranar Juma'a. Ran Laraba da rana tsaka sai ga Baba ya tako da ƙafa har foraj, ya tsaya a bayana ya ce in cire shi. Bai faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. Na cire sunan yayana.

Ba mu bar wurin ba wani makiyayi daga wajen Kelle ya iso da sabon kati, yana so a sa shi. Na rubuta sunansa, na danna. Abin da ya fito a ekran sunan yayana ne, da lambarsa, a matsayin wanda ya iso yanzu.

Baba bai yi boko ba, amma lambar nan ya haddace ta. Ya dubi ekran, ya juya a hankali ya dubi hanyar arewa. Ba zan ɓoye ba, ni ma na juya. Babu kowa sai tuddan rairayi da zafin da ke tashi a kansu. Shanu suna shan ruwa ba ko motsin wutsiya, famfo yana ta gurnaninsa. Na ji tsoro irin wanda rabona da shi tun ina ƙarami.

A ranar Baba ya ce an fasa sadaka. Daga nan kullum da hantsi sai ya zo ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin aduwa, inda zai iya hango akwatin, ya zauna har la'asar. Ya rage cin abinci. Inna kuwa kallona kawai take yi.

Kwana tara na yi kafin in gano. In aka cire suna, na'urar ba ta share gurbinsa, sai dai ta ce ba kowa a ciki, ta ba na gaba. Makiyayin nan gurbin yayana aka ba shi. Ni na tsara a cika gurbi tukuna, sannan a ɗaura shi a jeri, kuma ordinatar ɗina tana bin wannan tsari ko ba a roƙe ta ba. Ƙwaƙwalwar ɗan akwatin ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. Mai karatu yana iya ganin ɗaurin kafin rubutun ya iso gare shi. Ya ga ɗauri, ya leƙa gurbi, ya tarar da tsohon mai wurin. Sai an yi dace na ƙiftawar ido hakan ke faruwa, kuma ranar aka yi shi. Gyaran layi biyu ne: shinge wajen mai rubutu, kada ɗauri ya riga rubutu fita, da ɗan'uwansa wajen mai karatu. Na sa su, kunya kamar in nutse.

Na sami Baba ƙarƙashin aduwa, na durƙusa na yi masa bayani da gurbi da ayari, iya yadda zan iya. Na ce kuskurena ne, ya yafe mini. Ya saurara har na gama.

"To bayan ka goge shi, yana nan ciki ke nan?"

"Yana nan, Baba, har aka rubuta wani a kansa."

"Yanzu fa?"

"Yanzu na gyara. Ba zai ƙara fitowa ba."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya ce, ba faɗa ba tsawa, "Wa ya sa ka ka gyara?"

Ya naɗe buzunsa ya kama hanyar gida, ni ina biye da shi daga nesa. Juma'ar da ta zagayo aka yi sadaka.