Kafar da Maza Ba Su San da Ita Ba

Shekarar da aka kai ni Tudun Wada daga garinmu Ƙofa, ban san kowa a garin ba sai mijin da ya kawo ni, shi ma sanin shanu. Malamin firamare ne, mutumin kirki, amma magana a wurinsa sai ka ce sayenta yake yi. In ya fita da safe sai la'asar. Daga ni sai kaji a gidan.

Bayan katangarmu akwai wani kango da masu shi suka daɗe da komawa birni. A ɗaya gefen kangon kuma gidan wata mata ne da nake kira Yaya, don ta girme ni nesa ba kusa ba. Wata damina ta taɓa cin gindin katangarmu ta ƙasa, aka jingina zana a wurin, ita ma tata katangar haka take. Matan da suka zauna a gidan kafin ni su suka mai da wurin kafa. A ɗaga zana, a sunkuya, a ratsa ta cikin tafasa da tumfafiya, sai ga mutum a madafin Yaya. Tunda ba ta zaure aka bi ba, a lissafinmu na mata ba fita aka yi ba. Maza kuwa, a ƙa'ida, ba su san da ita ba.

Ita ta fara ratsowa, da kwanon dambu a hannu, ta ce ta gaji da jin amarya tana hira da kaji. Daga ranar na yi uwa a garin. A gindin murhunta na koyi tuƙa tuwon dawa ba gudaji, a nan nake kai ƙarar Malam ta yi mini dariya. Ranar da cikina na fari ya zube da tsakar rana, ba kowa a gida, nishina ta jiyo ta ratso da gudu ko ɗankwali babu.

Muna haka har shekaru, sai labari ya zo cewa wani Alhaji ɗan kwangila ya sayi kangon, zai gina bene, gidajen haya na ma'aikatan ƙaramar hukuma. Unguwa ta ɗauka. Kullum bayan la'asar maza na ƙofar masallaci suna tufka da warwara. Wannan ya ce tagogin sama za su riƙa leƙa tsakar gidajen mutane, mace ba ta isa ta yi wanki ba mayafi ba. Wancan ya ce gwauraye za a zuba, masu kunna rediyo har lokacin salla. Wani kuma ruwan kwata ne damuwarsa. Abin mamaki, Malam ɗin nan nawa da ba ya magana shi ya zama bakinsu. Duk saboda mu ake yi, in ji su, amma ko mace ɗaya ba a tambaya ba.

Ni da Yaya ba taga ce ta dame mu ba. Abin da muke so ɗan lungu ne a bar mana ta bayan ginin, wanda mutum ɗaya zai iya bi. Ta ce in gaya wa Malam tunda shi ake saurara. Na ce ita ce babba, ta gaya wa nata. Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Da wane baki mace za ta ce wa mijinta shekara da shekaru tana fita bai sani ba? Sau da yawa nakan shirya maganar tsaf, in ajiye masa abinci, in buɗe baki, sai in ji kaina ina tambaya ko gishiri ya ji.

Maza suka je wurin mai unguwa, daga can sai gaban dagaci, suka dawo da nasara. Alhajin ya yarda ba taga ko ɗaya ta ɓangarenmu. Don ya nuna shi ma ɗan halak ne, ya ƙara da cewa zai rushe ruɓaɓɓun katangunmu ya gina mana na bulo, dogaye, kyauta. Malam ya shigo yana murmushi ya gaya mini. Na ce Allah ya saka da alheri, na shiga ɗaki na yi kuka.

Ranar da magina za su fara, Yaya ta ratso da sassafe, ta zauna kaɗan, ta tashi. Da ta sunkuya za ta fita sai ta waiwayo.

"Ke dai ki riƙa ɗaga murya, ina jin ki."

Bene ya tashi, murya ba ta ƙetare shi. Zuwa gidanta yanzu sai an nemi izini, a ɗau mayafi, a zagaya ta bakin titi, a wuce majalisar maza. Izini kuma sai da dalili, suna ko biki ko gaisuwa. Ba a cewa za ni in zauna kawai. Muka koma gaisawa a taron mata kamar baƙi, sai kwano da yara ke kaiwa su dawo da shi.

A damina ta biyu aka ce mini tana zazzaɓi. Na ce bari Juma'a ta zo in tambaya in je. Ba ta kai Juma'ar ba. Ranar ba sai da na nemi izini ba, Malam da kansa ya ce in ɗauko mayafina.

Bayan sadakar uku Malam ya same ni zaune a tsakar gida. Daga tsaye ya ce mini:

"Na san da kafar nan tun zuwanki gidan nan. Na yi ta jira ki ce a bar miki ita. A gaban maza ba zan iya tayar da maganar da bakina ba, amma da kin faɗa, da na san yadda na yi."

Na tambaye shi me ya hana shi ya tambaye ni. Ya ce bai so ya ba ni kunya ba.

Mun daɗe tare bayan nan, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Amma ina kewar matar nan har gobe, kuma har yau na rasa wanda zan yi fushi da shi.