Takardar da Na Komo da Ita daga Maiyama

Ina roƙon Allah Ya tsare alƙalamina, kada in ƙara a kan abin da ya faru, kada kuma in rage.

A zamanin da nake magana Nasara ba su daɗe ƙwarai da zama a ƙasarmu ba, kuma keke baƙon abu ne a Jega. Akwai wani attajirin fatu da nake rubuta wa wasiƙu da ajami, shi ya sayo ɗaya. Da ya ga ƙibarsa ta hana shi hawa, sai ya ce ni in koya, in riƙa kai masa saƙo ƙauyuka. Na sha faɗuwa a bayan kasuwa, mahauta suna yi mini dariya, har ranar da ƙafata ta zauna a kan feda.

Ba zan ɓoye ba, na so keken nan. In na kama hanyar Aliero da hantsi, sai in yi tafiya mai nisa ban gamu da kowa ba, in ban da jaki ɗauke da albasa ko Bafulatana da ƙwaryar nono. Mota ba ta bin wurin. Hanya siririya ce, ta gangara cikin fadama inda masu lambu ke jan jigo, ta hau tudun jan dutse, ta sake saukowa. A gangara nakan daina tuƙi, iska ta cika mini riga, in yi ta salati, ba na jin komai sai ƙarar taya a kan tsakuwa.

Mu biyu ne maza wajen mahaifinmu, wanda malami ne mai karantarwa a zaurensa. Yayana ya girme ni da nisa. Shekara bakwai kafin wannan lokaci sun yi saɓani a kan iyakar gona, Yaya ya ɗaga murya ga Baba a gaban mutane, Baba kuwa ya ce kada ya sake taka masa zaure. Yaya ya tafi. Muka ji ya zauna a wata tunga bayan Maiyama, a gindin tsauni, ya yi aure can. Ba wanda ya taɓa zuwa daga gidanmu, ba wanda ke ambatonsa in Baba yana kusa.

Da kakar wata shekara Baba ya kwanta. Ciwon bai yi mako biyu ba ya cinye jikinsa. Wata safiya bayan an shafa addu'a ya kira ni, ya ce in ɗauko tawada.

"Rubuta mishi ya taho," in ji shi. "Ka ce ubanshi na kira nai."

Na ce, "Baba, in sa kun yafe mishi?"

Ya ce, "Wannan da bakina za ni faɗa mai. Ba a aika irinta cikin takarda."

Innarmu ta ce in ɗauki jakin maƙwabci. Na ce jaki yini guda zai ci, keke kuwa kafin azahar na isa. Ganin kaina nake na yi dabara. Na naɗe takarda na sa a aljihu, na ɗaure bakin wandona da igiya don kada sarƙa ta kama, na fita.

A mashigi mai fito ya ɗora keken cikin jirgi yana riƙe shi nesa da jikinsa. Na haye gulbi, na kama hanya. Gero ya shiga rumbu, gonaki sun zama fili, shanun Fulani suna kiwo cikin kara. Na bi burtali, na ratsa wani kwari mai giginya inda sanyin ruwa ke tashi daga ƙasa, na tura keken da hannu a wurin yashi. Ranar hanya ta yi kyau ƙwarai, har na ji kunyar daɗin da nake ji alhali ubana yana kwance. A Maiyama na tambaya, aka nuna mini tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai, aka ce tungar tana ƙarƙashinsa.

Da na hango bukkoki sai na kaɗa ƙararrawa, don murna kawai, da kuma kada in firgita mata a hanya. Na ga wasu maza biyu da ke ɗaure dami sun miƙe sun dube ni, sun shige bayan danga da sauri. Ban kawo komai a raina ba.

A ƙarƙashin wata tsamiya na tarar da dattijo yana tufkar igiya. Na sauka, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, idonsa na kan keken. Na faɗi wanda nake nema.

"Ba shi nan," in ji shi. "Ya tafi cin rani."

"Tun yanzu, Baba? Ko sussuka ba a ƙare ba."

"Shi dai ya tafi."

"Ni ƙanenshi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga Jega nike. Tsohonmu ba shi da lafiya, shina kiran shi."

Wata tsohuwa da ke tsince wake a gefe ta yi tsaki. "Wancan ma da yaz zo, cewa yay yi hakimi na gaishe su. Kowa da irin gaisuwa tai."

Ban gane maganarta ba. Na fito da takarda na miƙa wa dattijon da hannu biyu. Ya mai da hannayensa baya kamar na miƙa masa garwashi.

"Malam, mai da abinka. Mu nan ba mu karɓar takarda."

"Ajami ne, Baba. Bismilla ce a samanta, ku duba."

"Ta haraji ma da bismilla taka farawa."

Na roƙe shi ya kira mini matar Yaya. Ya ce ta tafi ganin gida. Na rantse da Allah, ya ce shi bai ce na yi ƙarya ba. Aka kawo mini ruwa a ƙoƙo, na yi alwala, na yi azahar ni kaɗai, ba namiji ko ɗaya da ya fito ya bi ni salla. Na zauna har inuwa ta juya. Sai tsoro ya kama ni kada Baba ya cika ba kowa daga cikinmu a kansa, na hau na juyo.

Na iso Jega da magariba. Baba ya ji motsina, ya juyo da kai yana duban bayana.

"Ina shi?"

Na ce an ce ya tafi cin rani. Baba ya karɓi takardar, ya riƙe ta a kan ƙirjinsa. Kwana biyu bayan haka, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi abinsa.

Washegarin jana'iza muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai ga mutum a ƙofa, ƙafafunsa sun yi fari fat da ƙura, gemunsa da furfura. Ya tsaya bai shigo ba. Limaminmu ne ya gane cewa Yaya ne, ya ce, "Shigo mana, gidanku ne." Ya ce a'a, a nuna masa kabari tukuna.

Ni na raka shi. A hanya ya gaya mini abin da ban sani ba. Wata biyu kafin zuwana wani ɗan saƙo ya je tungarsu a kan keke, da takarda a hannu, aka ɗebi maza huɗu zuwa aikin hanyar Nasara, uku suka komo. Tun daga ranar suka yi shawara, in aka ji ƙararrawa kowane namiji ya ɓuya, dattijo kaɗai zai yi magana.

"Ina cikin rumbu," in ji Yaya. "Rumbun da ke bayan tsamiyar. Ina jin muryarka."

"Ba ka gane ni ba?"

"Na bar ka da murya ta ƙuruciya. Da anka ce mini wai ƙanena ne, sai na ce ina ɗan gidanmu zai samu keke? Na kwana biyu ina juya abin. Ran na uku na ce ko ɗiba ce, a ɗebe ni." Ya share fuska da hannun riga. "Da bisa jaki kaz zo, da ni zan tarbe ka."

Muka isa kabarin, ƙasa ba ta ko bushe ba. Ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, bai tashi ba, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba:

"Ya ce ya yafe mini?"

Allah Ya sani na so in ce i. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai ƙaryata ni a duniya. Amma a kan kabarin mutumin da ya koya mini karatu nake tsaye, ba zan sa masa magana a baki ba.

Na ce, "Ya ce da bakinshi zai faɗa maka."

"To, me zai faɗa?"

"Yaya, wanda bai yi niyyar yafewa ba, ba ya aikawa a kira."

"Wannan kai kac ce," in ji shi. "Ba shi ba."

Ya yi kwana bakwai tare da mu. Innarmu ta roƙe shi ya kwana a cikin gida, ya ƙi, a masallaci yake kwana, a ƙofar gida yake cin tuwo. Liman ya yi masa nasiha, ya kawo masa abin da malamai suka faɗa game da yi wa iyaye addu'a bayan ransu, ya saurara da ladabi, ya yi godiya. Ran na takwas ya ɗauki sandarsa. Na ce in raka shi zuwa mashigi, ya ce in zauna wajen tsohuwa.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana zuwa kowace kaka da damin gero don Inna. Har ya koma ga Allah bai taka zauren nan ba, domin a cewarsa mai zauren bai ɗage masa hani ba. Allah Ya haɗa su a inda za su ƙarasa maganarsu.