Hayaƙi Ta Ƙofa Biyu

Tana zaune tana jiran facin taya, amma idonta yana kan wani dattijo a rumfar mai walda. Furfura fal kansa, farar rigar ofis ta sha baƙin mai. Ya rungume wasu bututan salansa da suka murɗe suka haɗe a mazaunin turbo, na'urar ƙara wa injin mota ƙarfi, da ƙananan ƙofofi biyu a gefe.

"Su ke rage wa turbo hayaƙi," yake gaya wa mai walda. "In ɗaya ta gaza, injin ya tashi aiki."

Tabon ƙunar hannunsa ya sa take zargin ya taɓa gani da idonsa. Wayarsa tana ta ruri. Wataƙila matarsa na can gida ta gaji da ɗumama abinci.

Ya toshe sauran ramukan, ya banka hayaƙin tsumma ciki, ya kumbura kumatu yana hurawa. Sai ga hayaƙi ta ƙofofin biyu, siri-siri, kai ɗaya.

Ya daka tsalle yana tari, yana neman shaida.

"'Yata, kin gani? Duka biyun!"

Ba ta san me ta gani ba. Mai faci yana ta kiranta, ita kuwa har da tafi: "Baba, sake hurawa!"