Mutallib da Motar da Take Cire Hula

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 2017, na fara ganin Abdulmutallib. Na riƙe ranar ne don ni akawu ne, duk takardar da na buga sai na ajiye kwafinta. A lokacin, in na tashi daga ofis nakan zauna a wani ɗan shago a unguwar Hausari, cikin Maiduguri, ina buga wa mutane yarjejeniyar ciniki. Ya shigo hannuwansa duk baƙin mai, amma hular kansa fes, zanna ce doguwa, an wanke an kafa ta. Ya ce in buga masa takardar sayar da mota, in rubuta cewa mai ƙofa biyu ce, lafiyayya, kuma ba ta taɓa hula. Na ce wannan na ƙarshen ba ya shiga takarda. Ya ce ai saboda shi mai sayen ya saya.

Iyayensa mutanen Kano ne, shi kuwa a Hausari aka haife shi, yana zuba Kanuri kamar a gidan Barebari ya tashi. Garejinsa yana Lamisula, in har za a kira shi gareji: bishiyar maina guda, wato darbejiya, akwatin ƙarfe na kayan aiki, da benci. Sana'arsa sayen motocin tsere, irin gajerun nan masu ƙofa biyu da 'ya'yan masu hali suke bugawa a Abuja ko Kano su gaji da su. Yakan sayo wadda ta sha wuya, ya buge jikinta, ya tayar da injin, ya yi fenti, ya sayar. Ɗaya-ɗaya yake yi, don inuwar mainar mota ɗaya take ɗauka.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne yadda yake yanke wa mota daraja. Yana duba abin da kowa yake dubawa: hayaƙi, giya, ƙarƙashin mota. In ya gama, sai ya wanke hannu, ya gyara zaman hularsa, ya shiga ya zauna. In rufin ya shafi hular, ya rage tayi. In ta karkace, ya ƙara ragewa. In ta faɗi, ya yi sallama ya tafi, ko da injin yana waƙa.

Ya taɓa yi mini bayani. Ya ce samari ne suke sha'awar irin motar, amma a Maiduguri ba saurayi ne yake biya ba, ko uba ne, ko mutumin da ya manyanta yana so a ce bai manyanta ba. Dukansu kuwa za su je ɗaurin aure, kuma ba wanda zai yarda ya fito a gaban jama'a kai a buɗe yana lalube a ƙasan kujera. A hankali dillalai suka fara kiransa ya duba musu mota kafin su saya. Aka kai ga mai saye yakan tambaya, "Mutallib ya shige ta da hula?" In an ce ya shiga, ciniki ya yi sauƙi. Wannan kiran da ake yi masa shi ne ainihin abin da yake riƙe gidansa, don mota takan yi watanni ba ta fita ba.

Bayan daminar 2021 aka sauke wata mota daga bayan tirela, rawaya, gajarta kamar an zauna a kanta. Gefenta a lotse yake, fitila ɗaya babu. Aka kira Mutallib ya duba wa wani dillali. Da aka tayar da injin, waɗanda suke wurin sun ce ya yi shiru kamar mai sauraron huɗuba. Sannan ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba: ya cire hular da hannunsa, ya ɗora ta a kujerar gefe, ya shiga. Da dillalin ya yi magana, ya ce zafi ne ya dame shi. Bai ba dillalin shawara ba, shi ya saye ta.

Ya daɗe a kanta. Fitilar sai daga Legas aka samo. Matarsa Talatu, da ta gan ta a tsugunne a gindin maina, ta raɗa mata suna Kwaɗo, kuma sunan ya bi ta har wajen masu shayi na bakin titi.

Wanda ya fara zuwa da niyyar saye Alhaji Uwais ne, ɗan kasuwar bandar kifi, mutum mai jiki da fara'a. Ya zo da rakiya, aka yi wushe-wushe, gaisuwar Barebari, aka tambayi gida da kasuwa. Ya tattara babbar rigarsa, ya sa ƙafa, ya sunkuya. Bakin rufin ya ɗauke hular, ta faɗo, ta gangara ta shige ƙarƙashin wani keke mai ƙafa uku da yake jiran fasinja. Sai da mai keken ya matsa aka ciro ta. Alhaji bai yi fushi ba. Ya kaɗe ta, ya mayar, ya dubi Mutallib.

"Kai fa ka koya mana," ya ce, ya shiga motar da ta kawo shi.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama kasuwar motoci. Dillalai suka daina kira. In ya zo wucewa sai wani ya dafe kansa da hannu biyu ya ce a yi hattara, ga mai Kwaɗo nan. Wanda ya fi ba shi haushi shi ne wanda ya tambaye shi ko yanzu sai da ɗan kwali ake gwaji. Mutallib ya gaya mini cewa in motar nan ba ta fita da riba ba, maganarsa a kan mota ta mutu a garin nan, gara ya koma facin taya.

Dabararsa ta farko ita ce ya sauke kujera. Ya yanke ƙafafunta ya liƙa ta da ƙasan motar, ya aika a kira ni, wai ni matsakaici ne, ba dogo ba gajere. Na shiga da hulata, ko shafarta rufin bai yi ba. Ya yi murna, ya leƙo ta taga.

"Akawu, me kake gani?"

"Sitiyari," na ce, "sai kuma saman maina."

Ya mayar da kujerar yadda take.

Daga nan ya ce laifinsa ne da yake neman masu hula, ai garin ba su kaɗai ba ne. Ya tuna da Ketura, wata nas 'yar Biu da yake gyara wa mota, wadda ta taɓa cewa tana son mota mai gudu. Ta ce za ta biyo ranar Lahadi in an tashi daga coci. Ta zo kuwa, da ɗaurin ɗan kwali wanda ya fi kowace zanna tsawo. Ta dubi motar, ta dafa ɗaurinta, ta yi ta dariya har sai da ta zauna a benci.

Amma ba ita kaɗai ta zo ba. Ƙanenta Manasse, mai ɗaukar hoto a Wulari, ya rako ta, kuma tun da suka iso yake zagaya motar yana runtse ido ɗaya. Bai tambayi giya ba, bai tambayi shan mai ba. Ya roƙi Mutallib ya jingina da ita, ya ɗora gwiwar hannu a rufi, ya ɗan ɗaga haɓa. Ya ɗauka da waya ya nuna masa. Na ga hoton: mota tana sheƙi, hula a tsaye, Mutallib kamar mai gidan mai. Manasse ya ce yana so ya ajiye ta a harabar shagonsa, angwaye da amare su riƙa jingina ana ɗaukarsu. Ba wanda zai shiga, gajartarta ma ita ce kyanta, don ba ta rufe mutum.

Mutallib ya ce to bari ya tayar ya ji injin.

"Baba, bar shi," in ji Manasse. "Injin ba ya fitowa a hoto."

Wannan magana ta yi masa ciwo fiye da duk tsokanar dillalai. Ya ce ba zai sayar ba, mota ba labule ba ce. Ya kwana biyu a haka, har Talatu ta tare shi a gabana da na je gaishe su.

"Baban Raudatu, a kasuwa cewa za a yi ta fita ko ba ta fita ba. Wa zai bi ta Wulari ya ga ko tana gudu? Kuma tun da ba ya son injin, ka bar masa shi don me?"

Washegari ya kira Manasse. Ya sauke injin da hannunsa, ya sayar wa wani bakanike a Kano da ya daɗe yana neman irinsa. Gangar jikin kuwa majiya ƙarfi suka tura ta har Wulari, Manasse yana ciki yana riƙe da sitiyari. Da aka haɗa cinikin biyu, ya fi abin da ya sa rai da shi daga Alhaji Uwais.

Dillalai suka rabu biyu. Wasu suka ce ya karya dokarsa Allah ya rufa masa asiri. Wasu suka ce tun farko ya hango kasuwar da ba wanda ya gani. Da aka tambaye shi, ya ce masu magana ta biyu sun fi fahimta. Kira ya dawo, ko da yake bai kai na da ba.

Ya ƙara gyara motocin tsere biyu ya sayar. Da mai ya yi tsada a 2023, masu neman irinsu suka ragu, ya bar su ya koma gyaran injin keke, yana kuma duba wa mutane mota in an kira shi. Yana nan Lamisula da iyalinsa, gashinsa ya fara fari, idonsa ya ɗan yi rauni har ya sa tabarau.