Wadda Ta Hana Farfesa Buɗe Tanderu

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakin bincike. Ta wanke turmin dutse, ta auna gari, ta niƙa har ya yi laushi kamar kwalli. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Jibi za ta ajiye aiki. 'Yata ce ta fari. Ni maginin tukwane ne, ban saba yabon 'ya'ya ba.

Wani faifan yumɓu suke yi, bai fi murfin kwalba ba. In ya yi zafi aka hura masa gas, sai ya ba da wutar lantarki, babu ƙarar janareta. Ana shafa masa wani haɗi gaba da baya, ta nan wutar ke fita. Shafen ne ya ƙi zama, kullum sai ya ɓare.

Wata shekara hukumar makaranta ta ce ko faifan ya yi awa dubu yana aiki, ko a rufe ɗakin. Mutum tara ke cin abinci a nan.

Farfesan da take aiki a ƙarƙashinsa ne ya ba ni labarin da bakinsa. An gasa sabon haɗi, ya zo da hanzari zai buɗe tanderu, ya tarar ta dasa kujera a bakin murfin ta zauna.

"Ranka ya daɗe, sai jibi."

"Baiwar Allah, na'ura ta ce ya huce!"

"Na'ura ba ta taɓa fasa tukunya ta sha duka ba. Ni na sha."

Gaskiya ta faɗa. Tana yarinya ta cire tukunya daga wuta ba ta huce ba, ta fashe. Ni na yi dukan.

Kwana biyu Farfesa yana zagaye ɗakin kamar mai jiran haihuwa. Da aka buɗe, ta kai faifan kunne, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce, "Wannan zai yi." Awa dubu da ɗari huɗu ya yi. Farfesa ya taka rawa har tabarau ya faɗi. Ɗakin yana nan har yau.

Takardar binciken ta fito da sunaye shida, babu nata. Na yi faɗa, ta yi dariya.

"Baba, ka taɓa rubuta sunanka a gindin tukunya?"

Ke ce mai haƙuri da wuta. Ke ce kika tsare abincin gida tara da kujera ɗaya. Masu tasowa, ku dube ta: ku san aikinku har ku iya ce wa babba ya dakata.

Uwar Tanderu, Allah Ya yi miki albarka. Na daɗe ina ƙwanƙwasawa, ina saurare. Kin yi.